Jan Fenti a Bakin Gota

Da safiyar wata Litinin, ana dab da shiga damina, na fito daga gidanmu na Nima zan kama ƙaramar motar hayar da muke kira trotro zuwa jami'a, sai na ga jan fenti a bangon shagon Baba mai walda. An ja manyan layuka biyu sun gitta juna, a ƙarƙashinsu an rubuta da Turanci cewa a rushe. Fentin bai ma gama bushewa ba, ya ɗiga ya gangaro har ƙasa. Na ɗaga ido na bi jerin gine-ginen da ke bakin gota, wato babban lambatun da ya ratsa tsakaninmu da unguwar Maamobi, sai na ga alamar tana bin bango bayan bango: ɗakin mai aski, kicin ɗin wata tsohuwa mai koko, ɗakunan haya da aka ƙara a bayan wani gida. Mutane sun fito sun yi cirko-cirko, ba mai ɗaga murya.

Na gaishe da Baba kamar kullum. Aminin mahaifina ne, tun da mahaifina ya rasu kuwa shi yake tsaya mana a duk wata hidima, suna ko biki ko rasuwa. Bai amsa ba. Ya dube ni, ya dubi jakar da ke rataye a kafaɗata, ya juya ya shige shago. Na ɗauka tashin hankali ne ya hana shi jin gaisuwar. Sai da trotro ta ɗauki hanya sannan na tuna cewa 'yan kwanaki kafin nan ni ce na bi wannan layin da ɗalibaina, sanye da riguna masu ƙyalli irin na ma'aikatan hanya, muna awo muna ɗaukar hoto. Yaron mota ya yi ta miƙo mini hannu don karɓar kuɗin mota ban ma gan shi ba, sai da matar da ke kusa da ni ta taɓa ni.

A lokacin ina karatun digiri na uku a sashen nazarin ƙasa da birane. Bincikena a kan unguwarmu yake, yadda mutanen da ke zaune a bakin gota suke rayuwa da ambaliya. Ruwan kansa injiniyoyi sun sha auna shi. Ni dabarun mutane nake son in rubuta: yadda ake ɗaga dokin ƙofa da bulo har ya kai gwiwa, yadda ake rataye katifa a rufi in hadari ya haɗo, wa yake buga wa wa waya daga can sama in ruwa ya taso, gidan wa ake kai tsofaffi da jarirai. A cikin wannan na tashi. Kafin mahaifina ya samu gidan da muke ciki yanzu, wanda yake kan ɗan tudu, ɗakin haya muke a bakin gotan, kuma na san yadda ake tsayuwa a kan tebur da littattafan makaranta a ka ana jiran ruwa ya janye.

Amma in gaskiya za a bi, koyarwa ce ta ja ni cikin wannan dogon karatu. Ba a ɗaukar mutum cikakken malamin jami'a sai da digirin, ni kuwa babu abin da nake so kamar tsayuwa gaban aji. Sashenmu yakan ba ɗaliban digiri na uku ƙaramin aji su riƙa yin bita da 'yan shekarar farko. Ranar da na fara, sai na rubuta kalma na goge na sake rubutawa. Can wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, “Madam, maimaita wannan, yanzu na fara ganewa.” Na maimaita, na ga fuskarta ta buɗe. Tun daga ranar na kamu. Nakan shirya darasi ina wanke-wanke, ina cikin trotro, har in na idar da salla sai in ji wani misali ya faɗo mini, in tashi da sauri in rubuta kafin ya gudu.

Yawancin ɗaliban ajin ba su taɓa taka Nima ba. Da na ce musu nan aka haife ni, wani ya tambaye ni cikin raha ko mutum zai iya shiga da wayarsa ya fito da ita. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa da muka zo darasin magudanan ruwa na ce ba a allo za mu yi shi ba, unguwarmu za mu je. Na nemi izinin sarkin unguwa ya ba ni. Rigunan ƙyalli kuwa dokar sashe ce, duk ɗalibin da zai fita aikin fili sai ya sa. Ranar ta yi daɗi. Sun ci shinkafa da wake a bakin hanya, sun gaisa da tsofaffi, Baba mai walda ma ya fito da farantin ƙarfen da yake ƙera wa mutane, wanda ake zurawa a bakin ƙofa ya tare ruwa, ya nuna musu yadda ake saka shi, suka yi ta ɗaukarsa hoto yana dariya. Na koma gida ina jin ban taɓa yin darasi mai kyau kamar wannan ba.

Da na dawo da yammacin Litinin ɗin nan, maganar ta riga ta zagaye unguwa. Samarin da ke zama a benci bakin lungunmu suka yi shiru da na doso. Na wuce su kaɗan sai na ji ɗaya ya ce, “Wannan yarinya, shi ya sayar da mu.” A Hausarmu ta Nima mace ma “shi” ake ce mata, don haka ba na shakka da wa yake. Wani ya ƙara wata magana da yaren Tuwi, sauran suka yi dariyar da ba ta da daɗi. Ban juya ba. Lungun da na saba bi ido rufe ya zama kamar ba zai ƙare ba.

Na tarar da mahaifiyata zaune a tsakar gida, mayafin fita ba ta ma cire ba. Ba ta bari na ajiye jaka ba.

“Ki faɗa mini gaskiya, ke kika kawo su?”

“Mma, ni ma yau da safe na gani, kamar kowa.”

“Ban ce kin yi ba. Tambaya na yi, don in san abin da zan faɗa in an tare ni.” Sannan ta ce, “Na je gidan suna. Na zauna a tabarma, matan da ke kai suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Da girmana.”

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne gidanmu ba a shafa masa fenti ba. Yana nesa da gota, ba dalilin da za a taɓa shi, amma ga wanda bangonsa yake da alama wannan ma hujja ce.

Washegari na tafi jami'a da wuri, na shiga ɗakin da mu ɗaliban digiri na uku muke zama. Ƙaramin ɗaki ne mai fanka ɗaya, kowa da teburinsa da abin da ya hana shi barci. Akwai wani daga bakin teku da yake nazarin yadda ruwa ke cinye garinsu, gidan kakansa ma ya tafi. Akwai wani dattijo, tsohon malamin sakandare, da yake bin hanyoyin trotro daga mahaɗar unguwar Malam, yakan ce shi burinsa ya tsaya a babban ɗakin lacca kafin gashinsa ya gama fari. Sai ƙawata, wadda take bincike a kan 'yan matan da ke dakon kaya a unguwar Tudu, inda suke kwana da abin da suke yi in ciwo ya kama su. Ita na faɗa wa. Ta saurara har na gama, ta ce, “Ni ma an taɓa cewa ƙirga su nake don a kore su daga tasha. Na daɗe ba mai amsa mini gaisuwa. Amma ni in na tashi gida nake komawa, can wata unguwa. Ke kuwa a cikinsu kike kwana.”

Farfesar da ke duba aikina ta kira ni ofishinta. Mace ce mai magana a hankali, ba ta kwana-kwana. Ta riga ta ji labari. Ta ce in rufe ƙofa.

“Jiya wani ya kira ni daga ofishin da ya sa aka yi alamun,” in ji ta. “Ya ji muna da taswirar wurin, yana so ya gani. Na ce masa abin da mutane suka ba ɗalibata amana ne, ba ya fita daga nan.”

Idan wannan maganar ta isa Nima, cewa sun san da taswirata har suna nema, ba wanda zai tsaya jin ƙarshenta.

Ta ci gaba, “Ga magana ta biyu. Za a ɗauki mataimakan malamai a sashen nan, kuma ina so in sa sunanki. Amma sai kin miƙa kundinki kafin shekara ta ƙare. Idan mutanenki suka rufe miki ƙofa, ba za ki gama ba. Ki koma unguwar Alajo ki ƙarasa tambayoyinki a can. Su ma ruwa yana shiga musu.”

“Farfesa, in na bar Nima yanzu, za a ce na gama aikin da aka aiko ni na gudu.”

“In kin zauna kuma za ki iya rasa aikin da kika zo nema. Ki yi tunani. Ba yau nake son amsa ba.”

Daga ofishinta aji na wuce. Na fara darasi amma hankalina ba ya wurin, na rubuta abu a allo na tsaya ina kallonsa. Ɗalibin nan da ya taɓa tambayar waya ya ɗaga hannu. Hotunan bangwayen sun riga sun yawo a wayoyi, sun gane wurin.

“Madam, mu muka jawo musu?”

Na ce a'a, amma ban iya komawa darasin da na shirya ba. Na ajiye shi, na tambaye su: in ka shiga unguwar mutane da tef ɗin awo ka fita, me ka bar musu? Suka yi ta musu, wasu suna cewa ilimi ba ruwansa da abin da ya biyo baya, wasu suna cewa ƙarya ne. Har lokaci ya ƙare ba wanda ya tashi. Na fito ina jin daɗin yadda ajin ya kama wuta, kuma nan take na ji kunyar jin daɗin, don bangwayen da muke musu a kansu na maƙwabtana ne.

Kwanakin da suka biyo baya na rage fita. Mai shinkafa da waken da nake saya wurinta tun ina ƙarama ta zuba mini ba tare da ta dube ni ba. Wata da na yi hira da ita a bincikena ta aiko a ce mini in goge muryarta. Na goge. Hadari kuma ya fara haɗuwa kusan kullum da rana, sama ta yi baƙi ta watse, kowa yana kallon sama yana kallon bango. Ranar Juma'a aka aiko cewa sarkin unguwa yana nemana bayan la'asar.

Mma ta ce tare za mu je. Ta sa mayafinta mafi kyau, ta shige gaba, ta bi ta babban layi inda kowa zai gan mu. Farfajiyar gidan sarki, inda ake karatun Islamiyya da safe, ta cika. Maza a benci, mata a gefe, samari tsaye a bakin ƙofa. Na durƙusa na yi gaisuwa. Sarki dattijo ne mai sanyin murya, ya ce shi ya ba ni izinin kawo baƙi, ya faɗi haka a gaban kowa, amma jama'a suna da tambaya kuma haƙƙinsu ne su yi.

Baba mai walda ya miƙe. Bai dube ni ba, sarki ya fuskanta.

“Ranka ya daɗe, yarinyar nan a hannuna aka yi sunanta. Ta zo shagona ta zauna, ta tambaye ni tarihin wurin, na faɗa mata komai, har yadda na ƙara gaban shagon na faɗa mata. Ta naɗi muryata. Ta kawo mutane da rigar hukuma suka auna. Ba a jima ba aka shafa mini fenti. Ni ban yi boko ba, amma ina da hankali.”

Aka yi ta gunaguni. Sarki ya ce in yi magana. Na tashi. Na ce waɗanda na kawo ɗalibai ne, yara ne 'yan shekarar farko, rigar kuma ta makaranta ce. Na ce ban ba kowa komai ba, ban san ma za a zo ba. Wani daga cikin samari ya katse ni.

“To ki kawo abin da kika naɗa a kunna a nan, kowa ya ji!”

“Ba zan iya ba,” na ce. “Kowa da na yi hira da shi na yi masa alkawarin ba mai jin muryarsa sai ni. Akwai waɗanda suka faɗa mini abin da ba sa so maƙwabcinsu ya ji. Wanda yake son nasa, ya zo in ba shi ko in goge a gabansa.”

Wurin ya hautsine. Wani ya ce ai ga shi nan, tana ɓoyewa. Na ga Mma ta runtse ido tana motsa baki. Sarki ya buga sandarsa a ƙasa har aka yi shiru. Sai wata mata daga Maamobi, wadda ɗakunan hayarta suke cikin waɗanda aka yi wa alama, ta ce ita ba ta damu da wanda ya kawo su ba, so take ta san me alamar take nufi, duka gidan za a rushe ko wani sashe, kuma yaushe.

Akwai allon Islamiyya jingine da bango, da guntun alli a kansa. Na nemi izini na ɗauka. Na juya na fuskanci allon. Na zana gotan, na zana bangonsa na siminti, na ja layi a gefe na nuna tazarar da doka ta ce a bari don ruwa da masu yasa. Na bayyana cewa bisa abin da na gani, alamun suna kan abin da ya shiga cikin wannan tazarar ne, ba lalle gidajen gaba ɗaya ba, kuma mai gini yana da damar ya je ya nemi a nuna masa iyakar a rubuce, ya nemi lokaci. Na yi da Hausa, na maimaita da Tuwi don matan da suka fi jin sa. Aka fara jefo tambayoyi, ina amsawa, ina gogewa ina sake zanawa. Na ɗan lokaci har na manta cewa tuhumata ake yi.

Sai Baba ya sake magana, wannan karon ni ya duba.

“Shagona fa? Tunda kin auna. Yana ciki ko yana waje?”

Na san amsar. Gaban shagonsa a kan bangon gotan kansa yake zaune, ƙarafan da ya kafa ma sukan tare shara in ruwa ya zo. Kowa a wurin ya sani, amma ba wanda ya taɓa faɗa masa. Na dubi Mma, ta sunkuyar da kai. Da a ce na ce ban sani ba, da duk bayanin da na gama yi ya zama banza.

“Baba, gaban yana ciki. Bayan yana waje.”

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka tabbatar masa da abin da yake zargi. Ya ɗauki hularsa da ya ajiye a benci, ya ratsa mutane ya fita. Ba wanda ya tsayar da shi.

Sarki ya yanke cewa in dakatar da tambayoyina a unguwa har ƙura ta lafa, kuma in bi wakilan da za su je ofishin, tunda na san yaren takarda. Muka je a farkon mako, ni da wakilin sarki da matar Maamobi da wasu dattawa. Muka daɗe a benci kafin a kira mu. Jami'in da ya saurare mu ya ce aikin faɗaɗa gotan tsohon shiri ne, an daɗe da tsara shi. Wakilin sarki ya nuna ni ya tambaye shi ko ya san ni. Ya dube ni ya ce bai taɓa ganina ba. Ina zaune ina addu'a kada ya ambaci taswirar da aka nema a jami'a, bai kuwa ambata ba, wataƙila ma ba shi ya kira ba. Muka roƙi a nuna wa kowa iyakarsa kuma a bari mutane su cire nasu da hannunsu. Suka yarda da wannan, amma lokacin da suka bayar kaɗan ne.

Da muka dawo wakilin ya faɗi abin da ya ji. Wasu suka yarda, wasu suka ce ai dama ba zai ce ya san ta ba. Haka aka rabu, kuma har yau akwai gidajen da in na yi sallama ake amsawa a gajarce.

Mutane da yawa sun cire nasu. Matar Maamobi ta rushe ɗaki ɗaya ta tsira da sauran. Baba bai taɓa nasa ba. Ranar da katafila ta zo ina gida, na ji ƙararta tun daga nesa, ban fita ba. Mma ce ta je ta tsaya tare da matarsa. Ta dawo ta ce Baba ya zauna a kan kujera a tsallaken hanya yana kallo har aka gama. Abin da ya rage na shagon bai isa a yi aiki a ciki ba. Ba a jima ba ya kwashe injinsa ya koma wajen ɗansa a Malam.

Na bi shawarar Farfesa rabi. Na ƙarasa tambayoyina a Alajo, amma ban cire Nima daga aikin ba, kuma ban bar gidanmu ba. Hakan ya ja ni baya, shekarar ta ƙare ban miƙa kundin ba, aka ɗauki tsohon malamin sakandaren nan da wani. Na taya shi murna da zuciya ɗaya, sannan na shiga banɗaki na yi kuka. Aka bar mini ajin bita, na ci gaba da shi.

Da na zo rubuta babin ƙarshe sai na tsaya cak. Hirar da na yi da Baba ita ce mafi kyau a duk abin da na tara. Shi ya ba ni labarin yadda aka fara zama a bakin gotan, da yadda ya ƙirƙiro farantin ƙarfen nan bayan ruwa ya ci kayan auren 'yarsa. Bai ce in goge ba, amma ban ga yadda zan yi amfani da maganarsa ba tare da na sake tambayarsa ba. Wata Asabar da hantsi na hau trotro zuwa Malam.

Na same shi a wata rumfar kwano kusa da mahaɗa, yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya rame. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya gan ni, ya kashe injin. Na durƙusa na gaishe shi. Wannan karon ya amsa, ya tambayi Mma, ya turo mini benci da ƙafa. Na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce in ya ce in cire, zan cire duka.

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

“Wa zai karanta?”

“Malamaina, Baba. Daga baya kuma ɗalibai, in Allah ya sa na samu koyarwa.”

“Za ki koya musu da maganata?”

“In ka yarda.”

“Ki bari,” in ji shi. “Abin da na faɗa gaskiya ne, ba zan janye ba. Amma ki rubuta a ciki cewa mutumin da ya faɗi wannan an rushe masa shago, kuma har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta da ke ba. Ki rubuta haka, kada ki gyara.”

Na ce zan rubuta. Ya sauke gilashin, ya kunna injin, na gane an sallame ni.

Na rubuta kamar yadda ya ce, a ƙarƙashin maganarsa, ban gyara ko kalma ba. A ranar kare kundin, ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya tsaya a wannan shafin ya tambaye ni me ya sa na bar irin wannan a aikin ilimi. Na ce sharaɗin mai maganar ne. Ya dube ni ta saman tabaransa, ya juya shafi.

An ɗauke ni koyarwa a zagaye na gaba. Yanzu babban aji nake da shi, sai na yi amfani da lasifika kafin na baya su ji ni. Nima nake kwana har yau, trotro nake hawa. Baba yakan zo unguwa in an yi rasuwa, mukan haɗu a wurin zaman makoki, in gaishe shi ya amsa, ya tambayi aiki, in ce alhamdu lillahi. Iyakar maganarmu ke nan.